Ƙwayoyin Rabi Ba Nawa Ba Ne

Ƙofar Marusa, Katsina.

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya ƙafar taki? Ya Malam da yara, ya zaman Legas? Nan kowa lafiya, sai ni.

Tun da al'adata ta ɗauke, zafi ke taso mini daga ƙirji har fuska, gumi ya jiƙa mayafina a cikin mutane. Jiƙon sabara nake sha, ba sauƙi.

Rabi ta Baba Sule kuwa, ita ma ta yi fama da irin wannan zafin. Da aka koma mulkin farar hula ɗanta ya ci kansila, ya kai ta wurin likitar mata a Kano. A wani suna a Batagarawa na gan ta fes, tana dariya. Ta ce, "Asabe, ƙwayoyi ne kawai, ke ma ki je."

Na je asibiti. Likita ta ce da hawan jinina ba za ta ba ni ƙwayoyin ba, sai dai in rage yaji da shayi, in riƙa sa kaya marasa nauyi.

Yaya, haushin Rabi nake ji, alhali ba ta yi mini komai ba. Sau biyu tana aiko da gaisuwa, na kasa amsawa. Ki sa ni a addu'a.

Gaida Malam da su Ummi.

Ƙanwarki,
Asabe