Zama Ashirin a Yamai

Zuwa ga Raishatu, sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko a kan rairayin Damargu,

Bayan gaisuwa, sai gyara. Labarin da ƙanenki Ilyasu ya kai Tanut kuskure ne. Ya ce likita ya rage mini kwanakin gashi domin ya yanke ƙauna, har mata sun fara shigo miki da sanyin murya kamar masu ta'aziyya. Ba haka ba ne! A da, mai ciwon dajin furostat yakan yi zama kusan arba'in a ƙarƙashin na'urar haske. Yanzu ashirin ake yi, cikin mako huɗu, kowane zama ya fi na da ƙarfi. Na sa likita ya maimaita sau biyu, na rubuta.

Na rubuta, ya farin watana, amma layukan duk sun karkace! Ni da na shekara talatin ina gyara wa 'yan lakkol rubutu a aji da jan alƙalami, yau na kasa gyara zuciyata. In hasken ya ƙara ƙarfi, tsohon jikin nan zai ɗauka? In kuma Ilyasu ya hango a fuskar likita abin da ni ban gani ba fa? An ɗiga mini alamu uku a fata. An ce in sha ruwa in riƙe, in kwanta kada in motsa, kowa ya fita a ja ƙofa. Ban kira ki a waya ba, don murya ba ta rufa asiri.

Kin tuna ranar da hadari ya rutsa da mu a bayan babbar mota tsakanin Gangara da Tanut? Kika cire mayafinki kika lulluɓe rajistar ɗalibaina, kika jiƙe sharkaf kina dariya. Wa zai lulluɓe ni yanzu?

Ni na ce ki zauna gida, wai tafiyar ta yi miki nisa. Wannan kuskuren nawa ne. Ki zo, Raishatu, don Allah ki zo! Ba za a bar ki ki shiga ɗakin ba, amma in na san kina bakin ƙofa, zan iya. Za a fara Litinin, ƙarfe takwas.

Naki, ke kaɗai, har ƙarshen numfashina,
Abdulgani

A cikin ambulan akwai: kwafin takardar likita; tikitin motar Asabar da za ki hau in kin iso Damagaram daga Tanut, kujerar taga; da taswirar hanyar asibiti da na zana. Ta uku ce. Biyun farko layukansu sun karkace.