Kaset ɗin Inna zuwa Jidda

Litinin, 24 ga Mayu, 1999
Goge kan dek, na'urar ɗaukar kaset, da auduga.

Alhaji Haruna, maƙwabcinmu, zai tashi Umara ran Litinin mai zuwa. Shi zai kai wa ƙanwata Hasana kaset a Jidda. Shekararta tara a can. Na bara da muka aika, ta aiko cewa ba ta ji komai ba sai zuuu, wai ko da gangan na yi. Inna ba ta rubutu, Hasana ba ta yarda da wasiƙar da wani ya rubuta. Sai murya. Muryar Inna kuwa tun da ciwo ya kwantar da ita ta zama kamar zare. Likita bai faɗa ba, amma na ga fuskarsa.

Talata, 25
Na gwada ƙaramar rakoda mai batir. Ƙarar injinta ta fi Inna ƙarfi. Dole sai babban dek da makirfo, shi kuma da na sa a soket sai gurnani. In mai walda na bakin titi ya kunna, har da ƙaras-ƙaras. Na canja waya sau uku. Na sa sitabilaiza, ba abin da ya canja. Ko kunnena ne?

Laraba, 26
Unguwa Uku, wurin Tanko mai naɗin kwayil. Ya ce abin da nake buƙata taransfoma ce mai raba wuta: naɗi biyu da ba sa taɓa juna, yadda wuta ta shiga haka za ta fita, dattin layi ya tsaya a waje. Ya ce, "Malam Lawan, duk Gyaɗi-Gyaɗi kai kaɗai wuta ke yi wa surutu. Mu nemanta muke ta zo." Ban yi dariya ba. Jibi zai gama.

Alhamis, 27
Inna ba ta ci komai ba yau sai cokali biyu na kunu.

Juma'a, 28
Na ɗauko taransfomar bayan masallaci. Nauyi kamar dutsen niƙa. Na jera komai tsaf a kan kabad, taransfoma a ƙasa, dek a kanta, wayoyi a ɗaure. Na kunna. Ƙaras-ƙaras ya tafi, gurnani ya ninka. Ya ninka!

Na zauna a ƙasa. Na duba zanen haɗin wayoyin da Tanko ya ba ni sau biyar, ban ga kuskure ba, kuma na san nawa ne. Kullum nawa ne. Inna daga ɗaki: "Lawan, in fara?" Na ce tukuna, Inna. Kwana biyar ina ce mata tukuna.

Asabar, 29
Gari duk rediyo, ana rantsar da farar hula. Babu wuta har magariba. Tanko ya rufe shago.

Lahadi, 30
Da hantsi na dawo daga neman Tanko, ban same shi ba. Na tarar matata Saratu ta sauke taransfomar ta ja ta bayan ƙofa, iya tsawon waya. Na ɗaga mata murya. Ta ce, "Kabad ɗin aurena za ta karya, Malam. In za ka yi faɗa ka yi, amma ba ta komawa."

Na kunna don in nuna mata ɓarnar da ta yi. Shiru, babu gurnani. Ashe kusantar ce, ita kanta taransfomar ke hura wa kan dek gurnani. Ni na ɗora shi a kanta saboda ya fi kyan gani.

Muka jingina Inna da filo. Minti goma sha ɗaya ta yi. Ta fara da gaisuwa, ta lissafa waɗanda suka rasu, ta yi faɗa kan wani zane da Hasana ta ara ba ta mayar ba. Can ta ce, "Ke dai ki zo. Ko ba ki same ni ba, ki zo." Sai da kaset ya yi ta juyawa a banza na tuna ban dubi allurar awon sauti ta dek ba ko sau ɗaya.

Na saurara bayan la'asar. In an ƙure murya akwai ɗan zuuu can ƙasa. Na san yadda zan rage shi. Sai an sake ɗauka. Ban ce a sake ba.

Gobe:
ɓalle haƙoran kaset kar a goge
rubuta sunan Hasana, kai wa Alhaji kafin bakwai
ba Saratu haƙuri
naɗe wayoyin nan, ko jibi
kunun Inna, ni zan ba ta