Koren Zaren da Ya Wanke Baba

Zongo, Kwatano
12 ga Janairu, 2025

Zuwa ga mahaifina, Malam Laouali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Baffa da iyalinsa a Malanville. Yaya gwiwar? Kakata Iya Yalwa ta ce in tambaye ka ko kana shafa man da ta ba ka, ko ka jefa shi ƙasan jaka kamar yadda ka saba.

Baba, na zaɓi takarda ne domin a waya bakina ba ya wuce "lafiya lau". To ba lafiya lau ba. Wata shida ke nan tun Juma'ar da Alhaji Sirajuddeen, shugaban kwamitin masallacinmu, ya karɓi lasifika bayan sallama ya ce mai shara ya lalata koren kafet ɗin da ya kawo, wai kana kankare shi da tsintsiyar kwakwa saboda ƙyuyar kunna injin shara. Ina ɓangaren mata a ranar, na ji komai, na kuma ga yadda aka juyo ana kallona. Shekara goma sha tara kana share masallacin nan, aka sallame ka da magana ɗaya. Har yau 'yarsa Labiba, da muke aji ɗaya a lise, makarantarmu ta sakandare, in na wuce sai ta ce, "A ɗage tabarma, ga 'yar gara nan." Ban taɓa tanka mata ba, amma ina ƙirgawa.

Ga dalilin wasiƙar. Ranar Talata Madam Bouchra, malamarmu ta kimiyyar fizik, ta kawo wani tsohon injin shara aji don ta nuna mana yadda iska ke ja. Irin wanda Alhaji ya kawo masallaci ne sak. Da ta kifa shi, sai na ga burushin da ke juyawa a bakinsa ya naɗe zare dam, kamar mazari. Na tambaye ta da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ta ce burushin dukan kafet yake yi, kuma yashin Kwatano da muke kwasowa a ƙafa yana da kaifi, in aka daka shi cikin gindin zare sai ya yanka shi.

Ba kai ba ne, Baba. Injinsa ne. Duk ranar da ka ajiye shi ka ɗauki tsintsiya, ashe ceton kafet ɗin kake yi. Na yi alkawari sai ya haɗiye maganarsa a inda ya tofar da ita.

Ka gaishe da kowa. 'Yarka,
Nimatou

2 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata sanyin can bai taɓa maka ƙirji ba. Amsarka ta iso ta hannun direban bas. Na karanta inda ka ce in bar wa Allah, kuma 'ya mace ba ta ja da dattijo. Na bar wa Allah, Baba, amma Allah ne ya ba ni kai, kuma ba zan ja da shi da baki ba.

Na gane cewa in na ce injinsa ne ya yi ɓarna, za a ce to da me za a share? Dole in zo da wanda ya fi shi. Na kwana biyu ban ga hanya ba, sai ranar Asabar ina kallon Iya tana bakacen shinkafa. Ba ta taɓa ƙwayar da hannu. Ta kaɗa faifai, ta hura, ƙaiƙayi ya tashi shi kaɗai. Na ce a raina, me zai hana iska ta tayar da yashi daga cikin kafet ba tare da an doke shi ba? Injin ma ai yana zubar da iska ta bayansa a banza.

Madam ta ba ni aron tsohon injin. Na hau zemijan, babur ɗin haya, da shi a cinya har Akpakpa, shagon ƙanen Inna, Kawu Fadel mai gyaran fanka. Da ya ji bayanina ya ce, "Ke da ba a jin muryarki a gida, yau injiniya kika zama?" Amma ya cire burushin, ya ƙera mini sabon baki na gwangwani. Muka ɗaura tiyo daga bayan injin zuwa bakin, muka huda ƙananan ramuka a karkace, iska ta riƙa sukar gindin zare daga gaba da baya, tsakiya kuma tana zuƙa.

Gwajin farko a ɗakin Iya na yi shi, kuma na sha kunya. Yashi ya tashi har cikin kwanon furarta. Ta ce, "Wannan abin naki shara yake yi ko shuka?" Na biyu kuma injin ya yi zafi har ya fara wari, domin iskar da nake mayar masa mai ɗumi ce. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Daga baya muka kewaye bakin da robar tsohuwar taya don yashi ya rasa wurin gudu sai ciki, muka kuma buɗe ƙofa a jikin tiyon, rabin iskar ya fita waje. Jiya na zuba gwangwanin yashi ɗaya a kan dardumarka, na tattake shi. Injin ya dawo mini da shi kusan duka, babu zare ko ɗaya.

Labiba ta ga taɓon mai a hijabina, ta ce 'yar gara ta koma cin ƙarfe. Na yi mata murmushi. Ina jin shi ya fi ba ta tsoro.

Ka sa ni a addu'a. 'Yarka,
Nimatou

23 ga Fabrairu, 2025

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ka san kowace shekara kafin azumi ana babbar sharar masallaci, maza da mata kowa ya fito. Jiya aka yi ta. Na riga na je wurin Hajiya Oumou, shugabar mata, na nuna mata komai. Sai ta ce, "Malam Laouali ya taɓa tsintar zobena a sahu ya biyo ni da shi har gida. Kawo injinki."

Abin da ba ka sani ba shi ne bayan tafiyarka Alhaji ya sa an shimfiɗa sabon kafet a sahun gaba, kore irin wancan, ya kuma hana a shigo da tsintsiya kwata-kwata. Wata bakwai injinsa kaɗai ke hawa kansa.

Da hantsi, bayan an gama bin sahun gaba da injinsa, Hajiya ta tsaya a bakin labule ta ce a ba yarinya wuri ta gwada nata. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Hajiya, tukunyar wa aka sata aka yi wannan?" Mutane suka taya shi. Ban ɗaga ido ba, Baba. Na bi wurin da aka ce an share sau uku, na buɗe injina, na juye abin da ke ciki a kan faifan Iya a gaban Liman. Yashi ya yi tudu. Dariyar ta ragu.

Sannan na roƙi Liman ya sa a kifa injin Alhaji. Wannan ce maganar da na fi maimaitawa a gaban madubi, kuma ta fito daidai. Aka kifa. Burushin ya shaƙe da koren zare, har sai da aka sa wuƙa. Liman ya ɗaga dunƙulen, ya durƙusa ya shafa sabon kafet ɗin, ya ga ya fara sanƙo daidai inda wancan ya yi. Ya ce, "Alhaji, Laouali dai yana Malanville. Ko daga can yake miƙo tsintsiyar?"

Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin wannan ba. Alhaji ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Na san za ka ce bai kamata in ji daɗi ba. Na ji, har cikin ƙashina.

Da yamma ya aiko gida da buhun shinkafa da saƙo cewa a yi haƙuri, a gaya maka ka dawo bakin aikinka. Iya ta dube ni. Na ce wa ɗan saƙon ya mayar, domin ba a zaure aka ɓata sunanka ba. Iya ba ta tsawata mini ba, ita ce ma ta riƙe masa ƙofa.

Ka yafe mini in na wuce gona da iri. 'Yarka,
Nimatou

1 ga Maris, 2025

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum, barka da shigowar azumi. Allah ya karɓa mana. Yaya ƙishirwa a zafin can?

Jiya bayan sallar Juma'a Liman ya miƙa wa Alhaji lasifika, wadda ka sani, mai ƙugi in an matsa kusa. Alhaji ya faɗi sunanka cikakke. Ya ce ya zalunce ka a gaban jama'a, yana neman gafararka a gaban jama'a. Muryarsa ta yi ƙasa a tsakiya, sai Hajiya Oumou ta ɗaga labule ta ce mata ba su ji ba. Ya maimaita. An ce har masu shaguna a bakin titi sun ji.

Labiba na zaune sahu biyu a gabana, kanta a sunkuye. Na tanadi magana tun wata bakwai don wannan ranar. Da muka haɗu wurin takalma na buɗe baki, sai na ga ba na bukatarta. Na ɗauki takalmana na wuce.

Ka tambaye ni ko yanzu na yafe. Kai aka yi wa, kai za ka yafe, kuma na san ka riga ka yi. Ni ina ƙoƙari, azumi ma zai taimaka, amma kada in yi maka ƙarya da bakin azumi.

Kwamiti ya ce injina za a riƙa amfani da shi. Na ce ba mai kunna shi sai ka dawo, yana nan ƙarƙashin gadon Iya. Abin da ka ji da taushi a cikin ambulan ɗin nan koren zaren ne, na roƙi Liman ya ba ni. Ka nuna wa Baffa da duk wanda ya taɓa tambayarka dalilin barinka Zongo. Sannan ka hau bas.

'Yarka mai jiranka,
Nimatou Laouali