Za a Rufe Guruf ɗin Yayanki

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi, sai ƙafar Babanku da ke tashi in ya daɗe a tsaye. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi, amma maganar nan in na fara ta a waya kuka ne zai ƙwace ta.

Kin san intanet ɗin unguwa da marigayi yayanki ya haɗa, yana bin rufin gidaje yana kafa ƙarafuna. Na kan rufinmu yana nan yana aiki, shi ya sa ake kirana taro. Guruf ɗin da ake sanarwa in sabis ya ɗauke, da lambarsa ya buɗe shi, shi kaɗai ke iya saka mutum. Tun rasuwarsa ba a saka kowa ba. Ungozomar da ta tare bayan kanti ta daɗe babu sabis, ba ta da inda za ta kai kuka. Shi ne aka taru a shagon tela don a zaɓi wata manhajar hira. Mai gyaran waya ya ce a koma wadda za ta zauna a kan na'urar intanet ɗinmu ta unguwa, ko layin waje ya yanke muna jin juna. Tela ya ce shi dai kada a kawo mai yawan Turanci, ya tsufa da jarrabawa. Aka yi dariya, ni na kasa.

'Yata, muryarsa na cikin tsohon guruf. Ba ni ya aiko wa saƙonnin ba, na aiki ne: wane ya kashe akwatin intanet ɗinsa ya kunna, wane ya duba igiyar kan tanki. A cikin ɗaya ana jiyo ni daga tsakar gida ina faɗan abinci ya huce, shi kuma yana cewa, "Ina zuwa, Inna, saura gida ɗaya." Shi nake kunnawa in ina shara.

Na ja mai gyaran waya gefe. Ya sunkuyar da kai ya ce sabuwar manhajar ba ta ɗaukar tsofaffin saƙonni, in an rufe guruf abin da ya sauka a wayata ne kawai zai rage. Zai gwada kwashewa, amma wayar ta tsufa, batiri ya kumbura, ba zai yi min alkawari ba. Da aka zo ɗaga hannu a kan komawa sabuwar, na ɗaga tare da su. Yayanki bai hau rufin mutane don a bar wata a waje ba.

Ki tambayar min maigidanki ko ya san hanyar kwashe saƙonnin da ta fi aminci. Kafin nan kada ki ce in kai wayar gyara. Ban ƙara bari kowa ya taɓa ta ba, ko Babanku.

Gwaggonki da Kawu suna gaishe ki. Ki shafa min kan yara, ki sa yayanki a addu'a.

Mahaifiyarki.