Lamba 418

Litinin, 3 ga Maris

Babi na arba'in ya ƙare daidai inda likitan ya tsaya a bakin ƙofar malamar makaranta, hannu a sama, bai ƙwanƙwasa ba. Sai Juma'ar makon gobe kuma. Marubuciyar nan ba ta da tausayi.

Maigida ne ya gina shafin da take saka labarin, amma ko a jikinsa. Na ce ya leƙa min ko likitan zai shiga, ya ce, “Ranki ya daɗe, ni magini ne, ba na buɗe akwatin masu gida.” Akawun ɗinsa na gwaji dai ya bar min nake karatu da shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na yi wani abu.

Ina jiran ruwa ya tafasa, na lura adireshin babin a saman waya ya ƙare da 412. Na baya 411 ne. Haka kawai na goge 2 na sa 3. Ya buɗe. Babin da bai fito ba, har da kurakuran rubutunta. Likitan ya shiga. Ruwa ya ƙone a tukunya, ni ina 416.

Alhamis, 6 ga Maris

417 ne ƙarshen labarin. Na yi kuka, na ƙoshi. Da a nan na tsaya.

418 ba babi ba ne. Wasiƙa ce ta rubuta wa 'yarta da ta rasu, a sama ta sa “kada a fitar”. Ashe malamar makarantar 'yarta ce, ita take ƙara wa kwanaki a takarda. Tun layi na biyu na gane ba nawa ba ne. Na karanta har ƙasa. Sau biyu.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai ɗinki wurin ƙawata tela. Tana ta cika baki wai likitan ba zai taɓa shiga ba. Cikina ya kasa riƙewa. Na nuna mata yadda ake canza lambar. Na ce amana. Ta ce, “Haba ƙawas, ni da wa?” allura a bakinta.

Ban ce mata ta tsaya a 417 ba. In na faɗa, za ta san na wuce.

Litinin, 10 ga Maris

Hoton wasiƙar yana yawo a duk rukunin masu karatu. Wata ma ta sa fuskar kuka guda bakwai a ƙasa, ta tura gaba.

Talata, 11 ga Maris

Maigida ya dawo da la'asar bai cire takalmi ba, ya zauna a teburin cin abinci da kwamfuta. Marubuciyar ta dakatar da labarin. Ogansa ya ce a nemo wanda ya fara buɗewa kafin Juma'a.

Na kawo masa ruwa, na tambaya kamar ban sani ba, wai ɓarayin intanet ne? Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce babu wanda ya fasa komai. “Ƙofar gida na sa wa kwaɗo, ɗakunan ciki na bar su a sake. Shafin yana tambayar mutum wane ne shi, ba ya tambayar ko abin da ya nema nasa ne. Kowa ya faɗi lamba, sai ya miƙa masa.” Ya ce kuskuren ɗan koyo ne, kuma shi ya yi shi.

Ya ce akwai rajista da take rubuta duk wanda ya buɗe shafi, da lokacin. Gobe za a ba shi.

Na koma kicin na wanke kofunan da na riga na wanke.

Laraba, 12 ga Maris

Rajistar ta nuna akawun ɗinsa na gwaji. Larabar da ta wuce, sha ɗaya da kwata na safe. A ofis kowa ya ɗauka shi ne ya fitar, don a yi ta maganar shafin. Oga ya karɓe masa izinin shiga, ya ce ya zauna a gida tukuna.

Bai ce min komai ba. Ya san hannun wa akawun ɗin yake. A ofis ya ce musu zai bincika, shi ke nan. Ya ci abinci, har ya ce gishiri ya yi daidai.

A littafi, a nan ne matar take zubewa ƙasa da hawaye, shi kuma ya ɗago ta. Ni ina tsaye da tsumman goge tebur na ce, “Ni ce.” Ya ce, “Na sani.” Na ce har da tela. Ya rufe ido. Sai ya ce, “Wasiƙar fa, kin karanta?” Na ce eh. Bai ɗago kowa ba. Ya tashi ya kai kwanonsa kicin da kansa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ni na ce a kai ni ofishinsu. Ya so ya je shi kaɗai.

Ofis ɗin ƙarami ne, fanka tana ƙara. Oga yana nan, marubuciyar tana nan. Shekara biyu ina zana ta a raina doguwa mai gwal. Gajeruwa ce, da tabarau mai igiya, sa'ar mamata. Na durƙusa na faɗi komai, har ruwan da ya ƙone, ban san me ya kawo shi ba.

Ta ce, “'Yata, kin ga an rubuta kada a fitar?” Na ce na gani, Mama. Ta ce, “Dubu sun karanta. Ke kaɗai kika kawo min fuskarki.” Ba ta ce ta yafe ba. Ta juya wurin Oga ta ce a mayar wa yaron nan aikinsa, ya je ya rufe ɗakunansa.

A mota Maigida ya ce, “Rabin laifin nawa ne.” Na ce ba na bayarwa. Ya kusa yin murmushi.

Alhamis, 20 ga Maris

Tela ta aiko da ɗinkin, ba ta zo da kanta ba. Hannun rigar ya matse.

Juma'a, 28 ga Maris

Ya gyara. Ya ba ni wani shafi na gwaji, ya ce tunda hannuna ba ya zama, in taɓa duk abin da raina ya raya min. Lambar babi ba ta buɗe komai yanzu. Amma wurin saƙonnin masu karatu ma akwai lamba. Na canza, ya fara buɗewa. Ashe ya manta, saƙonnin mutane na gaske ya zuba a ciki.

Na kife wayar a kan cinyata na ƙwala masa kira. Ya zo da man goge baki a leɓe, ya duba, ya dafe kai. Ya ce me aka rubuta a ciki? Na ce ban sani ba.

Da gaske ban sani ba.

Labarin ya dawo. Babi na arba'in da ɗaya ya fito tun safe, na san abin da ke ciki, amma na karanta a hankali kamar kowa. Ta canza wani layi. Na arba'in da biyu sai Juma'a.