Egizame ya faɗo tsakiyar damina, Baba kuma ba ya gani

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji da tunani ni kaɗai.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Gangara, ina shekarar ƙarshe ta lisansi a jami'a a Damagaram. Ba da kuɗin gidanmu nake karatu ba, da na samu bak, wato na ci jarrabawar gama sakandare, gwamnati ta ba ni buris, tallafin karatu, a ciki nake biyan kuɗin rajista, abin da ya rage in ci abinci in sayi takardu. Ba ta zuwa kan lokaci, wani sa'in sai mu yi watanni muna cin gari da ƙuli, amma in ba ita ba ko ƙofar jami'a ba zan gani ba. Kuma tana da sharaɗi, na taɓa maimaita aji sau ɗaya, in na sake faɗuwa yankewa za a yi.

To bana saboda yajin aiki shekara ta ja, an kai egizame, wato jarrabawarmu, tsakiyar damina, daidai lokacin noman fari. Da can wana ke riƙe gonar, amma ya tafi Aljeriya neman kuɗi, tun bara ba mu ji muryarsa ba. Baba kuma yanar ido ta rufe masa gani, shuka ma Inna da ƙannena mata suka yi, shi yana bin bayansu da sanda. Hatsi ya fito da kyau, ciyawa ma ta fito, ba mai hauya.

Kawuna, ƙanen Baba, ya kira ni ya yi ta faɗa, wai gwamnati na biyana albashi ina zaune a inuwa ubana na lalube a gona. Na ce masa buris ba albashi ba ce, kuma ba a ma biya ta wannan zangon ba, ya ce rediyo ya ce an biya. Na ce to ya taimaka a yi gayya, ya ce kowa na fama da tasa gonar, in ina da zuciya in turo kuɗin 'yan barema, masu noman ƙodago, ko in zo da kaina. Muka rabu ba daɗi.

Inna ta ce kar in kuskura in taho, za su yi da hannu. Na san hannun nata, bai fi ya cire ciyawar bakin gona ba.

Abin da ya karya ni shi ne Baba. Na ce a ba shi waya, na tambaye shi in zo? Ya ce, "Ka zauna ka yi abin da ya kai ka. Ni dai in an aiko takardar taka ta gama karatu, ka zo ka karanta mini da bakinka, don ba zan gan ta ba."

In na tafi buris ta tafi, karatun ya tsaya a bakin ƙarshe. In na zauna rumbu zai kwana babu komai, ni ne kuma zan riƙa cin tuwon makaranta suna auna tiya a kasuwa. In na buɗe takarda ba na fahimtar komai. 'Yan uwa, in ku ne, mota za ku shiga ko aji?