Mahaifina Yana Roƙon Mu Kai Shi Wasan Ƙarshe

Anti Murjanatu, assalamu alaikum. Don girman Allah ki duba wasiƙar nan da wuri, kada ki sa ta a layi, domin abin da ke damuna yana da ranarsa, in ranar ta wuce shawara ba za ta yi mini amfani ba. Na san wasu za su karanta su yi dariya, su ce wai ƙwallo ce ta sa mace kuka. Ni da sai bana na san bambancin kwana da fenariti. Wallahi ba ƙwallo nake wa kuka ba, mahaifina nake wa.

Ni tela ce a unguwar Gangare, cikin garin Jos. Bayan rasuwar mijina na dawo gida, kuma tun da Innarmu ta rasu ni ke kula da Baba. Baba direba ne, a kan sitiyari ya tsufa. Duk wanda ya san Kuza Stars ya san shi, don shi ke tuƙa motar magoya baya duk inda ƙungiyar za ta je wasa, tun ban san kaina ba. Kalaba, Sakkwato, Maiduguri, Ilori, babu inda bai kai su ba. Ya dawo murya a dishe, da tsarabar kwakwa ko kilishi gwargwadon garin da aka je. Innarmu takan ce ba sai ka tambaye shi yadda aka tashi ba, ka dai saurari yadda zai rufe ƙofar gida.

Abu ɗaya ne bai samu ba. Ƙungiyar ba ta taɓa kaiwa gasar nahiyar Afirka ba. Kullum maganarsa ke nan: “Uwata, na zagaye Najeriya da yaran nan, saura in tsallaka boda da su. Ko Kwatano ce, ko Garwa, in dai ga an ɗaga mana sandar nan mun wuce.” Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

A farkon kakar bana, ana tsakiyar wasa a sitadiyam, ya yanke jiki ya faɗi. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayana Abdulfatah ne ke kusa da shi. Shi ya goya shi ya ratsa cikin jama'a har bakin titi yana neman mota, Baba na dalalar da miyau a kafaɗarsa. Ni ban gani ba. Yaya ya gani, kuma har yau in an tuno ranar sai ya miƙe ya fita. Shi ma mayen ƙwallo ne, amma tun daga nan bai sake taka sitadiyam ba.

Da za a sallame mu likita ya ce a kiyaye magani, a rage gishiri, a guji duk abin da zai tayar masa da hankali. Muna isa gida Yaya ya ɗauke rediyon Baba ya tafi da ita gidansa a Rikkos, ya kafa doka cewa kada wanda ya ƙara ambaton ƙwallo a gidan. Ban musa ba, Anti. A lokacin ni ma gani nake daidai ne.

Baba yana da aboki, Baba Dantong, tun suna samari suna jan tifa a wurin haƙar kuza. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya shigo mota daga Bukuru ya zo. Ko shekarar da gari ya rikice, mutane suka daina shiga unguwannin juna, shi bai yanke ƙafa ba. Yaya har ƙasa ya durƙusa ya roƙe shi ya kama bakinsa, ya kuma amince. To sai su gaisa, su yi maganar ruwan sama, su taɓa tsadar dankali, shi ke nan sai shiru. Kowa ya zuba wa bango ido har shayi ya huce. Wata rana na raka Baba Dantong zaure, na ga yana share ido da hularsa. Ya ce, “Yarinya na, wannan ba jinya ba ne, firsina ne.”

Sai ga ikon Allah. Shekarar da Baba ke kwance, ita ce shekarar da yaran ƙungiyar suka tashi. Yanzu duk Gangare babu zancen da ake sai shi. Teburin mai shayi, 'yan acaɓa a bakin layi, har matan da ke kawo mini ɗinki suna kawo lissafin da suka ji a bakin mazansu. A haka na haddace. Ƙungiyoyi uku na sama ne ke tafiya Afirka. Mu ne na huɗu, wata ƙungiyar Kudu ce ta uku, maki ɗaya ta ba mu, kuma wasa ɗaiɗai ya rage wa kowa. Dole mu ci namu a gida, su kuma kada su ci nasu a waje. Wasu na cewa an gama, waɗanda za su karɓi baƙuncinsu ba a cin su a gida. Wasu na cewa a bar murna, waɗancan ba abin da suke nema kuma, ba za su karya ƙafa don mu ba. Kullum da wannan gardamar ake wuni, kuma duk a bayan katangar ɗakin Baba ake yi.

Shi kuwa sai ramewa yake. Loma biyu ya ture kwano. Ya daina tsokanata, ya daina tambayar komai.

Lahadin da ta wuce aka yi wasan kusa da na ƙarshe, a waje. Ruwan sama ya hana Baba Dantong zuwa. Bayan la'asar ina kan keke ina ɗinki, sai kawai layinmu ya ɗauka da ihu, 'yan acaɓa na ta danna hon. Ban kawo komai a raina ba sai da na ji faɗuwar abu a ɗakin Baba. Na same shi a ƙasa kusa da ƙofa. Ya sauko daga gado ya ja jiki da hannu ɗaya, goshinsa ya bugi ƙafar kujera yana jini. Na tallabe shi ina salati, shi kuwa ya damƙe hannuna da na hagunsa, bakinsa a karkace, da ƙyar maganar ke fita: “Mu ne ko su ne?”

Na ce, “Mu ne, Baba.”

Daga nan ban iya tsayawa ba, na kwashe komai na faɗa masa. Ya tambayi wa ke na uku, ina za su buga, ƙwallo nawa suka fi mu. Mutumin da wani lokaci yake manta ko ya sha magani, sai ga shi yana gyara mini lissafi. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Ina kwashe kwano ya ce, “Uwata, ki kai ni wasan ƙarshe, ko a baro ne. Ba zan yi ihu ba, ai bakin ma ya ƙi.” Na ɗauki kwanon zan fita. Ya ce, “Na san ko mun wuce wani ne zai ja motar. Ki bari dai in ga an buɗe hanyar da idona.”

Washegari Yaya ya zo ya ga ciwon goshin. Ban ɓoye masa komai ba. Anti, tun da nake ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ja ni zaure ya ce, “Ke ba ki goya shi ba, ni na goya. In kika fitar da shi ya mutu a can, ke kika kashe shi, kuma ba ni ba ke har abada.” Tun ranar ba ya ɗaukar wayata, magani ma matarsa yake ba ta kawo. In ya shigo gaida Baba, Baba sai ya juya fuska bango. Mu biyu kaɗai Allah ya bar masa, ga shi mun zama haka.

Baba Dantong ya ce ɗansa zai kawo mota, magoya baya sun ce a kafaɗa za su ɗauke shi. Ni kuwa tsoro nake ji ta ko'ina. In an ci, kada murna ta kayar da shi. In ba a ci ba, kada baƙin ciki ya ƙarasa shi. In kuma na hana shi, ina ganin yadda jikin ke tafiya, ban sani ba ko zai ga wata kakar. Kullum da safe in na kai masa koko, kallona kawai yake. Me zan yi, Anti?

Taki,
'Yar Direba, Gangare, Jos

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Sannu da jinya, Allah ya ba ki lada. Wanda ya yi dariya da wasiƙarki bai taɓa zama a gaban tsoho marar lafiya ba.

Bari in fara da yayanki, don na ga ranki ya soma ɗaci da shi. Ba mugunta ce ke damunsa ba, tsoro ne. Wanda ya goyi mahaifinsa cikin taro bai san ko rai ko gawa yake ɗauke da ita ba, ba ya mantawa. Ki lura, dokar da ya kafa wa Baba ya kafa wa kansa ita, shi ma ya bar abin da yake so. Kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya babba: sitadiyam a ranar wasan ƙarshe ba wurin mai shanyewar jiki ba ne. Turereniya, matakala, sanyin damina, ga shi in rai ya ɓaci ba a san abin da 'yan kallo za su yi ba, kuma fita da marar lafiya cikin gaggawa aiki ne. Don haka kada ki kuskura ki fitar da Baba a ɓoye, komai yawan masu cewa za su ɗauka a kafaɗa. In abu ya faru, su gida za su koma, ke ce za ki zauna da shi.

Amma maganar “ke kika kashe shi” kuskure ce, ki sauke ta daga ranki. Ajali ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannunsa ba.

Inda ya fi yin kuskure shi ne ɓoyon. Baba bai faɗi don ya ji labari ba, ya faɗi ne don an hana shi ji. A unguwa irin taku ihu ba ya neman izinin shiga ɗaki. Ranar wasan ƙarshe zai ji, ko kun so ko kun ƙi, zaɓin da ke gare ku kawai shi ne ya ji yana zaune cikinku ko ya ji yana jan jiki shi kaɗai. Jikinsa ne ya shanye, ba hankalinsa ba. Rashin ci da zaman shiru su ma ciwo ne, kuma suna cin mutum a hankali.

Kada ki jira waya. Ki shirya ki je Rikkos da ƙafarki. Ki fara da ba shi haƙuri a kan karya masa doka ba da saninsa ba, ki bar shi ya faɗi abin da ya gani ran nan har ya gama, don ina zaton bai taɓa faɗa wa kowa ba. In ya ƙi saurarenki, Baba Dantong uba ne a wurinsa, ya yi masa magana. Abu ɗaya za ki roƙa: ku koma wurin likita tare, da Baba, a cikin makon nan. Ku faɗa masa komai, har da faɗuwar da ramar, a auna jinin, a duba goshin. Likita cewa ya yi a guji tashin hankali, ku ne kuka fassara. Ku tambaye shi a fili, rediyo fa? Fita fa? Baba ya ji amsar da kunnensa. Abin da ɗa ya faɗa uba ya ƙi, sau da yawa yakan karɓa daga bakin likita.

In likita ya yarda da rediyo, a dawo da ita yanzu, ba sai ranar ba, ya saba da jin labari kaɗan-kaɗan. A kuma sakar wa tsofaffin nan biyu baki su yi lissafinsu. Sitadiyam kuwa, ai ba ranar wasa kaɗai ake buɗe shi ba. Ku nemi a bar ku ku kai shi ranar atisaye, wuri ba cunkoso, ya ga yaran, su gaishe shi, ya sa musu albarka. Ranar wasan ya sha maganinsa a kan lokaci, abokinsa a gefe, mota a ƙofar gida don ko-ta-kwana, yayanki kuma ya zo ya zauna, kada ya tsaya a waje.

Game da tsoron kada a sha kashi, ba zan ruɗe ki ba, lissafin ba a hannunku kaɗai yake ba, ana iya ci a gida kuma a rasa gurbin. Amma mutumin da ya sha tuƙo mota cike da masu baƙin ciki tun daga Kalaba har Jos ya fi ku duka sanin yadda ake haɗiye rashin nasara. In hawaye ya zo masa, na murna ko na akasin haka, ku bar shi ya zubar, kada ku ce masa ya yi shiru.

Ni a ganina ba kujerar sitadiyam kaɗai mahaifinku ke roƙo ba. So yake ku ci gaba da lissafa shi cikin masu rai. Wannan kuwa kuna iya ba shi tun yau, ba sai an busa usur ba.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan Inna da maigidanki, ya haɗa kanki da ɗan'uwanki. Su kuma yaran, Allah ya ba mai rabo sa'a.

Anti Murjanatu